Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan 'Yan Gudun Hijira: Mai Gudun Ceton Rai Ba Ya Tsayawa Neman Takarda

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Tarayya,
Hukumar Ƙasa Mai Kula da 'Yan Gudun Hijira da Masu Ƙaura da Waɗanda Rikici Ya Raba da Muhallansu,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

 

Ni tafinta ne. Na yi shekaru ina zama a kujera ta uku a ɗakin da ake yi wa masu neman mafaka tambayoyi, jami'i a damana, mai neman mafaka a haguna, ina juya Hausa zuwa Turanci ko Faransanci ina kuma mayarwa. Ƙa'idar aikinmu guda ce: kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Saboda haka akwai maganganu da yawa da na haɗiye a cikin ɗakin, su ne na kawo maka yau. Abubuwan da zan ba da labarinsu a ƙetaren iyaka suka faru, a ofisoshin da ba naka ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba domin sirrin mutane amana ne. Na kawo su ne don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wata safiya aka shigo da wata baiwar Allah, goye da jariri, tana jaye da yaro ɗan kimanin shekara shida. Jami'i ya ce ta ajiye duk takardun da ta zo da su. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata baƙar leda, ta zazzage a kan tebur: katin rigakafin jaririn da ruwa ya taɓa jiƙawa, ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, carbin mijinta, da ɗan makulli a jikin zare. Shi ke nan. Aka tambaye ta takardar aure. Ta ce aurensu goro aka raba, aka shafa fatiha. Aka tambaye ta takardar shaidar mutuwar mijin. Ta dube ni, ni ɗan'uwanta Bahaushe, kamar ni na ƙirƙiro tambayar, ta ce: "Malam, wa zai rubuta? Limamin ma tare aka binne su."

Daga nan aka ce ta faɗi sunan mijin. Ta sunkuyar da kai ta ce "maigidan". Aka sake tambaya, ta ce "baban yaran nan". Na ga alƙalamin jami'in ya motsa, na kuma san abin da yake rubutawa: mace ce da ta kasa faɗin sunan mijinta. Ranka ya daɗe, kai ka san matar ƙauye a ƙasar Hausa ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari, ko da kuwa an ɗora mata wuƙa. Alkunya ce. A takardar ofis kuwa sai ta fito a matsayin alamar ƙarya.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ake nema wurin mai neman mafaka, don masu karanta wannan wasiƙa da ba su taɓa shiga irin ɗakin ba. Tambayoyin uku ne. Wane ne kai, daga ina kake? Me ya same ka, ko me kake tsoron zai same ka in ka koma? Me ya sa hukumar ƙasarka ba za ta iya kare ka ba? A kan ta farko ake neman fasfo ko katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa. A kan ta biyu ake neman rahoton 'yan sanda, takardar likita, sammacin kotu, hoto, saƙon barazana, katin jam'iyya, ko wasiƙar wanda ya shaida abin. Ta uku galibi jami'i ne ke auna ta da rahotannin halin da ƙasar ke ciki. Ana ɗaukar hoto da zanen yatsu, a cika fom, a ba mutum takardar wucin gadi, sannan a sa masa ranar ganawa. A tsarinmu na Najeriya, tun daga doka mai lamba 52 ta 1989 wadda ta kafa hukumarka, akwai kwamitin tantancewa, akwai kuma kwamitin ɗaukaka ƙara ga wanda aka ƙi.

Babu laifi a tambayi mutum hujja. Ko a gaban alƙali, mai da'awa shi ke kawo shaida. Inda gizo ke saƙa shi ne a mai da takarda ita kaɗai ce hujja. Wanda gwamnatinsa ke farauta ba zai je ofishin gwamnatin ya ce a ba shi shaidar farauta ba. Wanda 'yan bindiga suka tasa da tsakar dare ba ya tsayawa laluben ƙasan akwati. Bahaushe ya ce ba a haɗa gudu da susa. Uwa uba, da yawa daga mutanenmu na karkara babu takardar da suka bari a baya, domin ba a taɓa ba su ba. A gida aka haife su, unguwarzoma ta yanke cibi, ranar bakwai aka raɗa suna, ba wanda ya rubuta.

Waɗanda suka tsara dokar duniya sun san da haka. Yarjejeniyar Jeniba ta 1951, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ta bayyana ɗan gudun hijira da cewa mutum ne mai tsoro mai tushe na za a gallaza masa saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Ba ta gindaya sharaɗin fasfo ba. Sashe na 31 ya hana hukunta shi don ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, muddin ya gabatar da kansa ba da ɓata lokaci ba ya kuma faɗi dalili. Sashe na 33 ya hana mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 27 kuwa ya juya lamarin gaba ɗaya: ƙasar da ta karɓe shi ita ce za ta ba shi takardar shaida in ba shi da ita. Littafin jagora da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1979 ya ƙara fayyacewa, cewa tono gaskiyar lamarin aiki ne na mutum biyu, mai nema da mai tantancewa, kuma idan labarin mutum ya tsaya da ƙafafunsa, bai saɓa wa abin da aka sani ba, to a kyautata masa zato a kan abin da ya kasa kawo wa shaida. Mu a Afirka ma mun fi haka sauƙaƙawa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka sa wa hannu a Adis Ababa a 1969 ta haɗa da duk wanda ya tsere saboda mamaya ko tashin hankalin da ya dagula zaman jama'a a wani yanki na ƙasarsa, ko da ba shi aka nufa da suna ba. Matar nan mai baƙar leda ba sai ta tabbatar da cewa maharan sun san sunanta ba. Ya isa a gane daga garin take, kuma garin ya watse.

To idan babu takarda, sai a koma ga baki. Nan ne nake so ka ba ni aron kunnenka, domin nan ne mai gaskiya ke zama maƙaryaci ba tare da ya sani ba.

Fara da kwanan wata. Jami'i yana son rana da wata da shekara. Manomi zai ce maka an kai harin "bayan babbar salla da kwana kaɗan, gero ya fara fitar da kai". Wannan amsa ce cikakkiya ga wanda ya san cewa watannin Musulunci na ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. In ka haɗa sallar da yanayin gona, shekarar za ta fito da kanta. Amma sai a matsa masa ya faɗi wata na Bature, ya cinka ya ce Yuli. Bayan wata shida a sake tambaya, ya ce Agusta. Sai a rubuta cewa maganarsa ta ci karo da juna. Haka shekarun haihuwa: duba rajistar kowane sansani ka ga yawan waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu, don kawai kwamfuta ba ta karɓar gurbi a wofi.

Sai suna. Mutum ɗaya ne Abubakar a katin zaɓe, Bubakar a bakin malamin makarantar Faransanci, Garba a wurin uwarsa, Habu a kasuwa, Bukar in ya zauna a Barno. Usman shi ne Shehu, shi ne Mani. Abin da Bature ke kira sunan iyali, mu sunan uba ne yau, gobe sunan gari. Takardu uku, rubutu iri uku, sai a ce mutum uku ne ko kuma ɗan damfara ɗaya. "Ɗan'uwana" kuma in tafinta ya juya shi a matsayin wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, to ranar da aka ƙirga 'ya'yan gidan aka ga babu shi, an gama da mai magana.

Ko kuɗi ma yana kayar da mutum. Na taɓa zama a ganawa ta biyu ta wani magidanci da aka sace ɗansa. A fayil an rubuta ya biya fansa dubu ɗari. A gabana ya ce dubu ɗari biyar. Jami'i ya ɗaga gira. Da aka bi diddigi, ashe a ganawar farko cewa ya yi "jikka ɗari biyar". A Nijar jikka ɗaya sefa 1,000 ce, a Najeriya kuwa jaka naira 200 ce. Tafintan farko ya yi lissafin gidansu. Mutumin bai canja ko ƙwandala ba, amma saura ƙiris ya rasa mafaka a kan kalma ɗaya. Hausar Kano daban, ta Gobir daban, ta Damagaram daban. Kuma harshe ba ya nuna ɗan wace ƙasa ne mutum: Bahaushen Illela da na Birnin Ƙonni, ko na Jibiya da na Maraɗi, bakinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, sau da yawa kakansu ma ɗaya.

Mafi nauyi shi ne abin da baki ba ya iya faɗa. Macen da aka yi wa fyaɗe ba za ta furta kalmar a gaban maza biyu baƙi ba. Cewa za ta yi "sun ɓata ni", ko "abin da ya faru ya faru", ko ta yi shiru tana murza bakin mayafi. In ta samu mace a zama na uku ta buɗe ciki, sai a ce me ya hana ta faɗa tun farko, ƙari ne ta yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ranka ya daɗe. Wanda aka azabtar kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta jera abubuwa kamar shafukan littafi. Zai tuna warin ɗakin da launin takalmin wanda ya taka shi, ya manta kwana nawa ya yi.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: akwai maƙaryata. Gaskiya ne, akwai su, na kuma fassara wa wasunsu. Akwai dillalai masu sayar da labari haɗe da takardunsa, har da hatimi. Amma lura da wannan: mai ƙarya shi ne ke zuwa da fayil cike, komai a jere, kwanan wata daram. Mai gaskiya shi ke zuwa da leda. Duk ofishin da ya ce sai da takarda, ya buɗe wa masu jabu kasuwa ke nan. Na ga wani dattijo da tabon harsashi a cinya, labarinsa gaskiya tsantsa, amma 'yan layi suka ce masa ba a kula wanda ba shi da rahoton 'yan sanda. Ya sayar da bargon da aka raba musu da rabin abincinsa ya sayi rahoto. Aka gane na jabu ne cikin minti biyar, daga nan ba wanda ya sake duban cinyarsa. Wake ɗaya ya ɓata gari. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tambaya mai kyau ke kai mutum ƙarshensa: wace rana ce kasuwar garinku, wa ke limanci, ta wace hanya ake zuwa asibiti in gulbi ya kawo, wane gari kuka fara kwana? Wanda ya haddace labari ba ya wuce irin waɗannan. Wanda ya rayu a garin kuwa har daɗin amsa su yake ji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane ɗan makarantar allo ya san hijirar sahabbai zuwa Habasha. Kuraishawa sun aiko jakadu da kyaututtuka a maido musu da mutanensu, sarkin ƙasar, Najjashi, ya ce ba zai miƙa kowa ba sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tashi ya yi bayani, sarki ya saurara, ya auna, ya ba su mafaka. A nan gida Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har gobe. Mu jikokin masu hijira ne, kuma jikokin masu saukar baƙi.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Na farko, a rubuta ƙarara cikin ƙa'idar aikin jami'anka cewa rashin takarda shi kaɗai ba ya zama dalilin ƙin mutum, a kuma faɗa wa kowane mai nema haka da harshen da yake ji tun ranar da ya yi rajista. Jimla ɗaya ce, amma za ta kashe kasuwar 'yan jabu fiye da kowane kame.

Na biyu, a faɗaɗa abin da ake kira hujja. Katin rigakafi, katin awon ciki, rasit ɗin haraji ko na kasuwa, sakamakon jarrabawar yaro, hoton biki a waya, saƙon murya na WhatsApp da masu garkuwa suka turo, shaidar maƙwabcin da ke sansani ɗaya, duk a karɓa a auna. A tanadi wurin cajin waya da mai kwafe abin da ke ciki kafin ta mutu. Mai tabo a jiki a haɗa shi da likita kyauta, wanda ya san ƙa'idar Istambul ta 1999, wadda ke koya wa likita yadda zai bayyana gwargwadon dacewar tabo da labarin mai shi.

Na uku, tafinta. A horar da mu, a jarraba mu, a tambayi mai nema ko yana gane Hausar wanda aka ba shi. Mace ta samu damar zaɓar mace, jami'a da tafinta. A naɗi muryar ganawa, a kuma karanta wa mutum abin da aka rubuta kafin ya dangwala yatsa. Idan an ga saɓani a maganarsa, a faɗa masa a fuska ya yi bayani. Wanda aka ƙi kuma a ba shi dalili a rubuce, a fassara masa, a nuna masa ƙofar ɗaukaka ƙara da wa'adinta.

Na huɗu, takardar da hukumarka ta bayar ta zama mai daraja a hanya. Ɗan sanda a shinge, jami'in shige da fice, ma'aikacin banki, shugaban makaranta, kowa ya san ta. Dubban 'yan Kamaru da rikicin yankin masu Turanci ya koro tun 2017 suna zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, kuma karɓar su abin yabo ne. Amma ba mu manta da Janairun 2018 ba, lokacin da aka miƙa wa Kamaru mutum 47, cikinsu har da jagoran 'yan awaren yankin, Sisiku Ayuk Tabe, alhali da yawansu sun riga sun nemi mafaka. A Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce abin da aka yi ya saɓa wa doka. Idan takarda ba ta kare wanda ya riƙe ta ba, da wane baki za mu tsananta wa wanda bai da ita?

Na biyar ya shafi namu. 'Yan Najeriya na zaune a Minawawo a Kamaru tun 2013, a yankin Difa, a gefen Baga Sola a Chadi, kuma tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke kwarara jihar Maraɗi. A can su ne masu baƙar leda. Waɗanda ba su tsallaka ba suna hannunka. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ɗora wa gwamnati a sashe na 13 ta ba waɗanda rikici ya raba da gidajensu takardun shaida, ta sabunta waɗanda suka ɓata, ba tare da an ce sai sun koma garinsu sun karɓo ba, mata kuma a ba su da sunansu. Ka ja hukumar ƙidaya da hukumar katin ɗan ƙasa ku shiga sansanoni da unguwannin da suka rakuɓe, a yi wa yara takardar haihuwa, manya lambar NIN. Yaran da aka haifa a sansanonin ƙetare kuma a karɓi takardunsu in sun dawo, kada su tashi ba su nan ba su can.

Bari in ƙarasa maka labarin matar. An sake kiran ta bayan watanni, aka dace da wata jami'a mai haƙuri. Ba ta tambayi takardar aure ba. Katin rigakafin ta ɗauka ta ɗaga shi wajen hasken taga. Ga hatimin ɗakin shan magani na garin, ga ranar allurar farko, ga sunan uban yaro da ma'aikacin lafiya ya rubuta da hannunsa. Ta karanta sunan a fili ta ce, "Shi ne?" Matar ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Aka tambaye ta ranar kasuwa, ta faɗa, har da inda masu ƙuli-ƙuli ke zama. Da aka zo kan makullin, ta ce na ɗakinta ne, ɗakin ya ƙone, amma ita ta kulle shi da hannunta. An ba ta mafaka. Hujjar tana cikin ledar tun ranar farko, a kan teburin nan, a gaban jami'in farko.

Ina gayyatar ka, ranka ya daɗe, wata rana ka ajiye rakiya ka shiga ɗaya daga cikin ɗakunan ganawa na hukumarka, da izinin mai nema, ka zauna a gefe daga safe zuwa azahar. Abin da za ka ji zai fi wannan wasiƙa bayani.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.

Naka mai biyayya,
Wani tafinta daga Katsina.